Makullin Camry ya ɓata kuma babu safaya: kamfani ko masu makulli na Ladipo?

Danladi_Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota a nan Legas. Toyota Camry ce ta 2009, wadda ake kira Muscle, tokumbo daga Amurka, mai makullin murɗawa da rimot a jikinsa, ba mai dannawa ba. Makulli ɗaya ta zo da shi, shi ne kuma ya ɓata. Motar tana bakin titi a Agege a kulle, takardunta dai suna gida.

Farashi uku aka ba ni. Wakilan kamfani sun ce sai an jawo motar zuwa wurinsu, kuma kuɗinsu ya kusa ninka na mai makulli sau uku. Wani mai makulli daga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, ya ce zai zo da kwamfutarsa ya gama aikin a inda motar take. Na ukun mai wayarin ne, ya ce zai kawo birenbos (kwamfutar da ke sarrafa injin mota) da suwic da makulli na tokumbo ya sauya, ko kuma ya kashe tsaron da ke hana mota tashi da baƙon makulli gaba ɗaya, wannan ne mafi araha. Me ya kawo wannan tazarar a farashi? Wanne ne ba zai jawo mini matsala nan gaba ba? Sannan wanda ya tsinci tsohon makullin zai iya tada motar?

Usman_MaiMakulli

Wa alaikumus salam Malam Danladi, Allah ya mayar da alheri. Fara da sanin abin da za ka biya kuɗinsa, domin ƙarfen da ake yankawa shi ne mafi arha a duk aikin.

Makullin wannan Camry abu uku ne a jiki ɗaya. Akwai ƙarfen da ke murɗa ƙofa da suwic. Akwai cip, ɗan ƙaramin abu baƙi da ke cikin kan makullin, wanda ba ya amfani da batir. Zoben da ke kewaye da bakin suwic ne ke ba shi wuta ya kuma karanta lambarsa. In motar ba ta san lambar ba, za ta yi kik lafiya lau amma ba za ta tashi ba, 'yar jar wutar tsaro tana ta ƙyaftawa a dashbod. Na ukun shi ne rimot, mai batir CR2016, wanda ke buɗe ƙofofi da but. Kowannensu da nasa aikin, kuma ana iya yin ɗaya a bar biyu. Shi ya sa za ka ga mutum biyu sun ba ka farashi daban alhali ba aiki ɗaya suke nufi ba.

Ga yadda aikin yake tafiya a hannun wanda ya iya. Ba ya fasa gilashi, ba ya cusa waya ta saman ƙofa ya lalata roba. Yana sa wani ƙarfe da ake kira Lishi a ramin makullin ƙofar direba, ya buɗe, sannan da shi ɗin ya karanta zurfin kowane haƙori. A Toyota da yawa ma lambar yanka, mai lamba biyar, tana buge a jikin makullin ƙofar, in an ciro shi za a gani. Da wannan lambar injin yanka zai fitar da makulli daidai da na ranar da motar ta bar masana'anta. Wanda ya ce zai ɗauki fayil ya goga da ido har ya shiga, makullin zai yi aiki yau, amma a hankali yana cin haƙoran suwic, wata rana ya ƙi murɗawa kana tsakiyar Oshodi.

Bayan yanka sai cip. Toyota ta sha canza shi. Naka na 2009 irin wanda ake kira 4D-67 ne, alamarsa ɗan ɗigo a jikin ƙarfen kusa da kai. Waɗanda suka biyo baya an buga musu harafin G, na bayansu kuma H. Ba sa shiga wa juna. In an sa mai G a motar mai ɗigo, ko a kwana ana danna kwamfuta ba za ta karɓa ba. Rimot ɗin ma haka. Rimot ɗin motocin Amurka a kan mitar 315 MHz suke, na Turai da Dubai galibi 433 MHz. Na motarka an rubuta HYQ12BBY a bayansa. Ka duba da idonka kafin a yanka, domin da zarar an yanka ba a mayarwa.

Da a ce kana da makulli ɗaya na asali, ƙara wani aikin 'yan mintuna ne. Da yake duka sun ɓata, dole a shiga ta ramin OBD, inda ake jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, a goge ƙwaƙwalwar tsaron a fara sabo. Toyota ta sa jira na minti 16 a wannan matakin, suwic a kunne, kuma babu na'urar kirki da za ta hana ka jiran. Nan ne aiki ke lalacewa idan batirin mota ya yi sanyi, musamman motar da ta kwana biyu a ajiye: wuta ta faɗi ana tsakiyar aiki, a koma farko, wani lokaci ma akwatin tsaron ya rikice. Ka tabbata ya zo da caja ko batir na biyu. Ka kuma tambaye shi sunan na'urarsa. In ya ce Autel, ko Lonsdor, ko Xhorse, ko OBDStar, ko Techstream na Toyota kanta, to aƙalla da kayan aiki ya zo.

Wannan gogewar ita ce amsar tambayarka ta ƙarshe, amma rabi. Da an goge, cip ɗin tsohon makulli ya mutu a wurin motar, ba zai ƙara tada ta ba. Sai dai rimot ɗin a wani wuri daban yake rajista. Na'ura tana ba da zaɓi biyu, ko a ƙara sabo a kan na da, ko a share na da a rubuta sabo. Yara masu sauri na farkon suke dannawa, sai ya zama wanda ya tsinci makullinka yana iya tsayawa daga nesa ya buɗe ƙofofinka. Ka ce masa a fili ya share tsofaffin. Ƙarfen kuwa babu kwamfutar da ke goge shi, zai ci gaba da buɗe ƙofa sai in an sauya jerin haƙoran makullan. In a hanya mai nisa ya faɗi, ba sai ka damu ba. In kuwa a unguwa ya ɓata, ko a wurin wankin mota, ko kana zargin ɗauka aka yi, to a sauya haƙoran ƙofa da suwic da but tun kafin a yanka sabon.

A irin motarka, ni a ganina, ƙwararren mai makulli ya wadatar. Abin da kamfani zai yi da Techstream shi ne zai yi. Ka ce a yi maka biyu a zama ɗaya, na biyun ko ba rimot, cip kawai. Tsadar tana wajen buɗewa da gogewa, kuma ka riga ka biya su.

Injiniya_Kabiru_Ikeja

Malam Usman ya yi bayanin aikin yadda yake. Ni ɓangaren kamfani zan taɓa, don kada a ɗauka cuta ce kawai.

Lissafin kamfani haka yake haɗuwa: kuɗin makulli na asali, wanda da dala ake shigo da shi, don haka farashin watan jiya ba ya aiki yau; kuɗin yanka; kuɗin aiki da ake lissafawa da awa; sannan harajin VAT na kashi 7.5 a kan duka. Sai abin da ba ya cikin takardarsu amma daga aljihunka zai fita, wato kuɗin janwe daga Agege zuwa wurinsu, da kwanakin da motar za ta zauna. In motar Bolt ko Uber ce, kwanakin nan ma kuɗi ne. Akwai kuma matsalar tokumbo. Wakilan kamfani a nan kayan motocin da suka shigo da su sababbi suke ajiyewa, ba na kasuwar Amurka ba. Rimot ɗin da ya dace da taka sau da yawa sai an yi oda, jira ya ƙaru. Sannan yankan da suke yi da lambar shasi yana aiki ne kawai idan makullan motar na asali ne. Tokumbo da yawa motocin haɗari ne da aka saya a gwanjo, wata an sauya mata ƙofa, wata suwic. Makullin da aka yanka da lambar shasi sai ya murɗa suwic ya ƙi ƙofa, ko akasin haka. Mai makulli da ke karanta ramin kai tsaye ba ya faɗawa wannan.

To me kake saya da ƙarin kuɗin? Kaya na asali tabbas, rasit, garanti a kan aikin, da wurin da za ka koma in an samu matsala. Kuma akwai motocin da babu zaɓi sai su. Mercedes na wajen 2015 zuwa sama masu tsarin tsaron da ake kira FBS4, makullinsu daga kamfani ake odarsa da lambar shasi da shaidar mallaka, yana zuwa a shirye. Duk wanda ya ce zai yi maka sabo a rumfa, ka yi hattara da kuɗinka. Na kafin nan, masu FBS3, ana yi a waje, amma sai an ciro suwic ɗin lantarkin an karanta shi a kan tebur, ba aikin kowa ba ne. BMW da Range Rover na baya-bayan nan su ma sai an taɓa akwatunan lantarki masu tsada, kuskure ɗaya ya fi kuɗin makulli nesa ba kusa ba. Sababbin Toyota masu dannawa suna neman lambar izini ta intanet kafin su karɓi makulli, wasu masu makulli suna sayenta su ɗora a kan farashi. Kuma duk motar da aka saya sabuwa tana cikin garanti, kada a bari kowa ya taɓa mata tsaro sai kamfanin, domin hujja ce ta soke garantin.

Masu Peugeot irin 406 da 307, ku nemi ɗan katin da motar ta zo da shi, akwai lambar sirri mai gurbi huɗu a rufe a jikinsa. In yana nan aikin ya yi sauƙi ya yi arha. Nissan da Hyundai da Kia su ma da lambar sirri ake shiga, ana ciro ta da na'ura ko a saya.

Hanyar kwatanta farashi ta gaskiya ita ce kowa ya rubuta maka nasa a rarrabe: makullin wane iri ne, guda nawa, yanka, gogewa, rimot, kuɗin zuwa. Mai makulli yana da kaya hawa-hawa, akwai na asali sabo, akwai na asali tokumbo da aka sauya wa riga, akwai na Chaina, akwai kuma irin na Xhorse da KeyDiy da ake saitawa su dace da mota iri-iri. Na Chaina yana aiki, amma rimot ɗinsa ba ya kai nisa, robar maɓallan tana saurin fashewa, kuma ruwan damina na Legas ba ya raga masa. In ka kwatanta na Chaina a hannun mai makulli da na asali a kamfani, tazarar da ka gani ba ta aiki kaɗai ba ce. Ka ce ya ba ka farashin na asali, sannan ka auna.

Garba_Rewaya

Oga Danladi, wannan na ukun ka bar shi, kuma abokin sana'ata ne nake faɗa.

Sauya saiti yana da inda yake da amfani, misali motar da ruwa ya ci birenbos ɗinta. Amma a kan ɓatan makulli, ɓarna ce. A wannan Camry akwatin tsaron ba ya cikin birenbos, yana can ciki bayan dashbod, wajen akwatin AC. Kafin hannu ya kai gare shi sai an kwance dashbod, kuma dashbod ɗin Muscle da rana ta riga ta dafa ba ya komawa yadda yake. Ƙugiyoyi su karye, ƙara ta fara duk ramin da ka faɗa. Birenbos ɗin da za a kawo daga Ladipo kuma dole lambarsa ta dace da injinka da giyarka. Akwai mai silinda huɗu, akwai V6, akwai bambancin shekara da na kasuwar da aka yi wa motar. In aka sa wanda bai dace ba motar za ta tashi, amma giya ta dinga fizga, wutar cek ta zauna daram, mai ya dinga tafiya. Ga shi lambar shasin da ke cikinsa ta wata motar ce, ranar da za ka sayar mai saye ya sa kwamfuta ya ga lamba biyu, sai dogon bayani. Kuma in birenbos kaɗai aka sauya aka bar akwatin tsaro na da, sai an haɗa su sun san juna: a haɗa rami na 4 da na 13 a OBD, a bar suwic a kunne minti 30. Da yawa ba su san wannan ba, sai su ce maka birenbos ɗin ne ba kyau, a koma kasuwa a sake sayen wani. Suwic ɗin tokumbo kuma makullinsa ba zai buɗe ƙofarka ba, ka koma yawo da makulli biyu.

Kashe tsaro kuwa, ma'anarsa duk ƙarfen da ya iya murɗa suwic ya tada motar. Camry da Corolla su ne motocin da aka fi nema a kasuwar kayan gyara, kowa ya san haka. Araha ba ta ado. Haka masu ciro cip su naɗe shi da salatif a jikin zoben suwic don a dinga yanka ƙarfe mai arha, duk abu ɗaya ne, ka bar makullinka a cikin mota dare da rana ke nan. In kana da inshora mai cikakken rufi kuma aka sace motar, binciken da za su yi yana iya kai su ga wannan.

Abu ɗaya da nake so ka gaya wa mai makullin tun kafin ya fara: in akwai tiraka (na'urar bin sawun mota) a motar ko ƙararrawar da aka ƙara, ya sani. Yawancin tiraka ana haɗa ta da rile da ke yanke wutar famfon mai. An sha gama makulli lafiya, wutar tsaro ta mutu, mota ta ƙi tashi, a yi ta zargin cip, ashe tirakar ce ta kulle saboda an taɓa batir. Alamar mai sauƙi ce. Ka sa makulli, in jar wutar ta daina ƙyaftawa, tsaro ya karɓa, matsalar tana wani wuri. In duk da haka motar ta ƙi tashi, a kira masu tirakar.

Alhaji_Mudi_Berger

Ku ma'aikata kun yi naku. Ni abin da ya fi damuna shi ne motar tana bakin titi. Malam Danladi, kada ta ƙara kwana a nan ba mai kallo. In LASTMA, jami'an kula da zirga-zirgar titunan Legas, suka ga ta tare hanya suka ja, kuɗin fito da ita sai ya sa ka manta da na makulli, ga masu kwance madubi da fitila da dare. Ka samu maigadi ko mai shagon kusa ka ba shi wani abu ya sa ido.

In ta kama dole a ja ta, a nemi janwe mai shimfiɗa wanda ke ɗora mota gaba ɗaya. Giya tana P, sitiyari a kulle, jan ta da igiya ko a ƙasa lalata giya ne. Kusa da sandar giya akwai ɗan murfi, in an ɓalle shi aka danna abin da ke ciki giya za ta koma N ko ba makulli, amma sitiyarin yana nan a kulle. Masu Highlander da RX masu jan ƙafa huɗu, ku kam babu maganar ɗaga gaba a ja baya.

Sannan ka riƙe takardu a hannu ranar aikin: shaidar mallaka, lasin mota, takardun kwastan, da katinka na shaida mai suna iri ɗaya da na takardun. Kamfani ba za su taɓa ta ba sai da su. Mai makulli na kirki shi ma zai tambaya, ya duba lambar shasi mai gurbi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ya gwada da takarda. Wanda bai tambaye ka komai ba, haka zai yi wa wanda ya nuna masa motarka gobe ya ce tasa ce. Kuma 'yan sanda suna iya tsayawa in sun ga ana buɗe mota a titi, takardun ne za su raba ku. In kana zargin sata aka yi, ka je ofishinsu ka sa a rubuta, ka karɓi takarda. Inshorar dole ta ₦15,000 ba ta biyan makulli, ta ɓarnar da ka yi wa wani ce. Mai cikakken rufi ya duba takardar yarjejeniyarsa.

Mai makulli kuma a samo shi ta hannun bakanikenka ko wanda ya taɓa yi wa aiki, mai rumfa da aka sani. Kada ka shiga Ladipo kana tambaya a bakin hanya, yaran da ke tare mutane za su kai ka inda za su samu kamasho, kuma kai za ka biya shi.

Danladi_Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bar maganar sauya birenbos. Saura biyu. In na sayi makullin da kaina na kai a saita, zai rage kuɗi? Sannan yayana yana da Lexus RX300 da Camry 2013 mai dannawa, kowacce makulli ɗaya, ya ce in tambaya ko nasa ma haka abin yake.

Usman_MaiMakulli

Sayen makulli da kanka yana rage kaɗan, amma yana ɗauke wa mai aikin alhaki. In motar ta ƙi karɓa zai ce kayanka ne, kuma kuɗin zuwansa da na yanka sun riga sun hau kanka. In ka nace, ka kai masa tun kafin a yanka ya ɗora a na'ura, tana nuna irin cip ɗin da mitar rimot cikin daƙiƙa kaɗan. Ana sayar da riguna marasa cip a ciki a matsayin cikakken makulli, ido ba ya ganewa.

Yayanka kuwa ya yi safaya tun makullan suna hannu, musamman RX300. Ita da Toyota na zamaninta masu cip 4C, tsaronsu a cikin birenbos yake, kuma ba a goge shi ta OBD. In duka suka ɓata, hanyar kamfani ita ce sabon birenbos. Mai makulli kuma sai ya ciro shi, ya buɗe, ya sake rubuta wani ɗan IC, ƙaramin cip mai ƙafa takwas, da ke kan allon, aikin da hannu ɗaya marar kyau ke kashe birenbos ɗin. A irin wannan motar ne tazarar kamfani da mai makulli ta fi ko'ina faɗi. Ya fara duba wane makulli ne a hannunsa. Ya sa shi a suwic ba tare da ya murɗa ba, yana kallon wutar tsaro. In ta mutu nan take, babban makulli ne, ana ƙara wani da shi cikin sauƙi. In ta tsaya kamar daƙiƙa biyu kafin ta mutu, ƙaramin ne, wanda galibi kansa toka-toka ne, kuma motar ba ta yarda a ƙara makulli da shi. Mafita mai sauƙi a nan ita ce a kwafi cip ɗinsa zuwa wani. Kwafi yana tada mota, sai dai ita a wurinta makulli ɗaya ne, in ɗaya ya ɓata ba a iya goge shi a bar ɗayan.

Ta 2013 mai dannawa, bayan makullin an rubuta HYQ14FBA, amma wannan bai isa ba. A buɗe shi a duba lambar da ke kan allon ciki, ta Camry tana ƙarewa da 0020. Akwai masu riga iri ɗaya da rubutu iri ɗaya na Highlander da allonsu daban, ba za su shiga ba. Makullin dannawa na Toyota da aka taɓa haɗawa da wata mota a kulle yake da ita, sai an wanke shi da na'ura kafin wata ta karɓa, don haka tokumbo da ke zube a tire a kasuwa ba a saye sai mai aikin ya tabbatar an wanke. Kada kuma a manta a yanka ɗan siririn ƙarfen da ke ɓoye a cikinsa, shi ne zai buɗe ƙofa ranar da batirin mota ya mutu. In na makullin ne ya mutu, CR2032 ne, kuma kafin a samu sabo a taka birki a manna makullin a jikin maɓallin tadawa, za ta tashi.

Kai kuma ranar naka aikin, kada ka cika kuɗi sai ka gwada da hannunka. Kowane makulli shi kaɗai, ɗayan a nesa da motar, domin in suna kusa da juna zoben yana iya karanta na kirkin ya rufa wa marar kyau asiri. Ka tada ta ka bar ta ta yi minti biyu, ka kashe, ka sake. Ka murɗa ƙofa da but da hannu, ya shiga ya fita ba tare da ka jijjiga ba. Ka ja baya kamar taku ashirin ka danna rimot. Ka sa ya nuna maka a fuskar na'urarsa adadin makullan da motar ta sani yanzu. In biyu aka yi, biyu za ka gani. Ya rubuta maka lambar yankan a rasit tare da lambar wayarsa, ka ajiye ta da safayar a gida, ba a aljihun mota ba.